Yadda Ƙaramin Dillalin Tsofaffin Sulalla Zai Tallata Hajarsa Cikin Gaskiya da Kamun Kai

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban faifan tsofaffin kuɗi a Kasuwar Kurmi ta Kano, ko ya bi hotunan masu sayar da su a waya, ya san kwabon nan mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida a baya, wanda ke ɗauke da shekarar 1936 da sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairun 1936, ya yi murabus a watan Disambar shekarar, kuma ƙasarsa ba ta kai ga sakin kuɗi mai hotonsa a hannun jama'a ba. Amma Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta riga ta sa an buga anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo da sunansa, domin hujin tsakiya bai bar wurin hoto ba, suna kaɗai ake buƙata. Labarin yana da daɗin ji, kuma gaskiya ne. Abin da mai talla yakan yi shiru a kansa shi ne an buga waɗannan kwabbai miliyoyi, har yau suna nan jibge a hannun masu tarawa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Dillalai biyu za su iya ɗaukar kwabo iri ɗaya, na farko ya rubuta cewa babu irinsa a duniya, na biyu ya ba da labarin sarkin da bai cika shekara ba, sannan ya ƙara da cewa kwabon ba shi da wuyar samu, shi ya sa farashinsa ke da sauƙi. Wannan bayani na wanda ya zaɓi zama dillali na biyu ne.

Dalilin zaɓin ba ya da nisa. Mai tara tsofaffin sulalla yana farawa ne bai san komai ba, amma ba ya daɗewa a haka. Cikin shekara ɗaya ko biyu ya gano kundin sulalla irin na Numista a intanet, ya koyi duba adadin da aka buga, ya fara kwatanta farashi, sai ya koma kan duk abin da ya saya a baya ya auna shi da abin da aka faɗa masa a lokacin. Ƙaramin dillali ba shi da dubban masu saye da zai yi asarar goma bai ji a jikinsa ba, jarinsa na gaskiya shi ne mutum ashirin ko talatin da ke dawowa, kuma su ne ke kawo abokansu. Don haka kowace kalma da ka rubuta a talla, ka rubuta ta da tunanin ranar da mai sayen zai san abin da ka sani. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Hakim ɗan Hizam, an ɗora albarkar ciniki a kan abu biyu, faɗin gaskiya da bayyanawa. A wannan sana'a ta biyun ce ta fi wuya, domin mutum zai iya rubuta talla babu ƙarya ko ɗaya a ciki amma ya yaudari mai karatu da abin da ya ƙi ambata.

Ka san abin da ke hannunka kafin ka rubuta komai

Yawancin ƙaryar da ke cikin tallan sulalla ba daga mugun nufi take fitowa ba, daga maimaita abin da aka ji ba tare da bincike ba ne. Maganin wannan kayan aiki ne kaɗan masu arha: ƙaramin sikeli na lantarki da ke nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin faɗi na milimita, madubin ƙara girma ninki goma, da maganaɗisu mai ƙarfi. Da su za ka kwatanta sulen da ke hannunka da abin da kundi ya ce game da nauyinsa da faɗinsa da ƙarfen da aka yi shi da shi. Ka kuma duba ƙananan haruffan da ke nuna gidan da aka buga shi. A kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, harafin H yana nuna kamfanin Heaton na Bamingam, KN kuma yana nuna na King's Norton, kuma sau da yawa wannan ɗan harafi ne ke raba sule mai yawa da mai ƙaranci a shekara guda.

Babu misalin da ya fi liyari nuna muhimmancin wannan sani. Wannan babbar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda wasu ke kira dala, ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa da Borno da Habasha da ƙasashen Larabawa, kuma har yau ana ganin ta a wuyan matan Fulani da cikin kayan gadon tsofaffi. Kusan kowane liyari da za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Tun daga lokacin aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba tare da sauyi ba, domin 'yan kasuwa sun saba da shi, ba sa yarda da wani. An buga shi a Biyana, a ƙarni na ashirin kuma an buga shi a Landan da Faris da Rum da Bombay da wasu wurare, adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba har yanzu. Saboda haka duk wanda ya rubuta cewa liyarinsa ya shekara fiye da ɗari biyu, don kawai ya ga 1780 a jikinsa, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Abin da za ka iya tsayawa a kansa shi ne wannan: cikakken liyari yana da nauyin giram 28.07, kashi 833 cikin dubu na jikinsa azurfa ce, wato kusan giram 23.4 na azurfa zalla, kuma akwai rubutu a gefensa. Idan naka ya yi ƙasa da haka da ɗan kaɗan, shan hannu ne, idan kuwa ya yi ƙasa sosai, ko gefensa ya nuna layin haɗi irin na abin da aka zuba a kwarmi, to ka ajiye shi gefe. Game da maganaɗisu, ka riƙe cewa idan ya ja sule, sulen ba azurfa ba ne, amma rashin ja ba ya tabbatar da komai, domin ba ya jan tagulla, ba ya jan dalma, kuma da su ake yin jabu da yawa.

Haka nan sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja. Waɗanda aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma yin su da tagulla mai launin rawaya. Mai tallan da ya kira dukkansu sulen azurfa ya yi algus, ko da bai sani ba.

Bayanin kaya shi ne tallan

A wannan sana'a ba a buƙatar kirari. Abin da mai saye ke nema shi ne bayani cikakke da zai iya yanke shawara da shi ba tare da ya yi tambaya ba. Ka fara da ƙasa ko hukumar da ta fitar da sulen, da darajarsa, da shekara, da harafin gidan bugawa idan akwai. Ka biyo da ƙarfe da nauyin da sikelinka ya nuna, ba wanda ka kwafo daga kundi ba. Sannan halin da yake ciki, sannan aibinsa, sannan farashi. Aibi ya zo kafin farashi, kuma da girman rubutu iri ɗaya, kada a tura shi ƙarshe inda ido ba ya kaiwa.

Masu wannan sana'a a duniya suna da ma'aunin hali da suka yarda da shi. A Ingila da ƙasashen da suka bi tsarinta ana amfani da haruffa, F ga wanda ya sha hannu amma ana karanta komai, VF ga wanda tudun zanensa kaɗai ya goge, EF ga wanda da ƙyar aka taɓa shi, UNC ga wanda bai shiga hannun jama'a ba sam. A Amurka ana bin ma'aunin Sheldon mai hawa daga 1 zuwa 70, wanda ya samo asali a 1949, kuma kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna rufe sule cikin roba da lambar da suka ba shi. Shawarata ita ce ka yi amfani da haruffan idan ka iya su, ka bi su da Hausa bayyananniya, ka kuma faɗi cewa kai ne ka kimanta. Kada ka ɗora lamba irin ta Sheldon a kan sulen da babu kamfanin da ya duba shi, domin mai karatu zai ɗauka an tantance. Idan ka yi shakka tsakanin mataki biyu, ka ɗauki na ƙasa. Mai saye da ya buɗe saƙo ya tarar da abin da ya fi wanda aka siffanta masa zai dawo, wanda ya tarar da akasin haka kuwa ba lallai ya yi magana ba, sai dai ka daina jin ɗuriyarsa.

Aibin da aka fi ɓoyewa shi ne wanki. A gidajenmu, da zarar an tono tsohon kuɗi, abin da ake fara yi shi ne a dirje shi da toka ko lemon tsami ko man goge ƙarfe don ya yi ƙyalli, alhali kuwa wannan duhun da shekaru suka shimfiɗa masa yana cikin abin da masu tarawa ke biya. Gugar tana barin ƙananan layuka da madubi ke nunawa, kuma tana rage kima ƙwarai. Kada kai ka wanke, idan kuma ya zo maka a wanke, ka rubuta cewa an wanke shi. Haka za ka ambaci huji da aka yi don rataya, da kunnen da maƙerin farfaru ya liƙa sannan aka cire, da lotsawar gefe, da kore-koren tsatsa, da karce. Liyarin da aka huda bai zama abin banza ba, yana da azurfarsa, yana kuma da tarihin kwalliyar da aka yi da shi, sai dai a sayar da shi a matsayin abin da yake.

Ga yadda bayani mai kyau zai kasance: "Liyarin Mariya Tereza, mai ɗauke da 1780 kamar sauran, bugun baya ne, ban iya tantance shekarar da aka buga shi ba. Azurfa, giram 27.9 a sikelina. A kimantawata VF ne. Yana da lotsawa ƙarama a gefe daidai saman kan sarauniyar, ga ta a hoto na uku. Ba a wanke shi ba." Wannan ɗan rubutu ya fi shafi guda na yabo aiki, domin duk wanda ya karanta ya gane cewa mai shi ya auna, ya duba, bai kuma ji tsoron cewa akwai abin da bai tantance ba.

Akwai kalmomin da ya kamata ka yi musu takunkumi. "Babu irinsa" da "ba a samun sa" ba sa halatta sai kana da adadin bugawa ko tarihin gwanjo da za ka nuna. "Sabo fil" na wanda bai taɓa shiga hannu ba ne kawai. "Daga gidan sarauta ya fito" kuwa, idan babu takarda ko shaidar da za ta tsaya, ka bar ta a cikinka, ko da wanda ya sayar maka ya rantse. Idan kana sayar da kwaikwayo don ado ko koyarwa, kalmar kwaikwayo ta zama ta farko a bayanin. A Amurka tun 1973 doka ta wajabta buga alamar kwafi a jikin irin waɗannan, kuma kyakkyawar al'ada ce ko a inda doka ba ta tilasta ba.

Hoto

Gani ya kori ji, amma hoto ma yana iya ƙarya. Ka ɗauki sulen da za ka aika ɗin kansa, ba ɗan'uwansa da ya fi shi kyau ba, ba kuma hoton da ka sauko da shi daga intanet ba. Fuska biyu da gefe, a kan ƙyalle ko takarda mai launi ɗaya, a inuwa mai haske kusa da taga da hantsi, ba a tsakiyar rana ba kuma ba da fitilar waya ba, domin haske mai ƙarfi yana shafe karce. Ka kashe duk wani abin gyaran launi. Ka ƙara hoto ɗaya na sulen a kan sikeli, da ɗaya na aibin kusa da kusa. Ka riƙe shi ta gefe, yatsa kada ya taɓa fuskarsa.

Farashi, da jarabar matsa wa mai saye

Ka rubuta farashi a fili. Al'adar cewa a biyo ta akwatin sirri don jin kuɗi tana sa mutane zaton ana auna aljihun kowa ne kafin a faɗa, kuma sau da yawa zaton gaskiya ne. Ba laifi a bar ƙofar tayi, mu mutanen ciniki ne, amma tazarar da ke tsakanin abin da ka rubuta da abin da za ka sallama kada ta zama mai nisa, domin wanda bai iya ciniki ba shi ne zai biya kuɗin kunyarsa. Idan sulen azurfa ne ko zinari, ka nuna lissafi: nauyin ƙarfe zalla, farashin giram a ranar, da abin da ka ɗora na aikinka da ƙarancin sulen. Idan za ka kafa hujja da farashin waje, ka duba abin da aka sayar a zahiri, ba abin da wani ya rubuta yana jiran mai tsautsayi ba. A kasuwar intanet ta eBay kowa yana iya neman dalar Amurka dubu a kan kwabon da bai kai dala biyu ba, kuma ɗauko hoton irin wannan a nuna wa mai saye yaudara ce tsagwaronta.

Kada ka ƙirƙiri tsohon farashi don ka soke shi ka ce ka yi rangwame. Kada ka ce saura ɗaya alhali akwai goma a akwati, kada kuma ka ce wani na kan hanya da kuɗi idan babu kowa. Idan ka yi gwanjo a zauren WhatsApp ko a Facebook, ka bayyana lokacin rufewa da mafi ƙarancin abin da za ka karɓa tun farko, kuma kada ka sa ƙaninka ko abokinka ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma a ƙaramin zaure ba ya ɓoyuwa, domin mutane suna lura da wanda kullum yake tayi amma bai taɓa ɗaukar kaya ba.

Jarabar da ta fi kowace girma ita ce kiran sulalla jari mai ribar tabbas. Farashin azurfa da zinari yana hawa yana sauka, sulen da ba na ƙarfe mai daraja ba kuma kimarsa tana rataye ne da samun mai so a lokacin da ake son sayarwa. Idan mutum ya tambaye ka ko zai ci riba, ka faɗa masa nawa za ka saya daga hannunsa idan ya dawo da shi gobe. Wannan amsa ita ce gaskiyar kasuwar, kuma wanda ya ji ta ya saya, ya saya ne da idonsa biyu. Haka nan ka nisanta kanka baki ɗaya daga jita-jitar da ke tasowa lokaci zuwa lokaci, cewa wani tsohon kwabo yana ɗauke da sinadari na musamman, ko yana jan allura ko shinkafa, ko wasu baƙi na neman sa da miliyoyi. Mutane sun yi asarar dukiya a kan irin wannan, kuma idan aka tambaye ka, wajibi ne ka ce ba gaskiya ba ne, ko da faɗin haka zai hana ka cinikin ranar.

Abin da ke jawo mutane ba tare da hayaniya ba

Ƙaramin dillali ba zai iya gasa da kowa wajen kuɗin talla ba, amma yana da abin da ya fi kuɗi, wato labarin da ke jikin hajarsa, kuma a ƙasarmu labarin yana cikin harshen da muke magana da shi kullum. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wato ɗan farin ƙwanson nan da aka yi ciniki da shi a da. Anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule, fataka, duk sunaye ne da matasa ke ji a karin magana da bakin kakanni ba tare da sun taɓa riƙe abin a hannu ba. A Nijar har yau ana lissafi da dala, wato tamma biyar ta kuɗin sefa. Ka ɗauki sule ɗaya a mako ka yi masa bayani a gajarce. Ka nuna aninin 1907 da aka yi da gorar ruwa, mara nauyi kamar ganye, mai rubutun Larabci a jikinsa, ka ce ga abin da ake nufi idan aka ce abu bai kai anini ba. Ka nuna jerin kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, shekarar da Babban Banki ya fara aiki, da taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, da sisi mai koko. Ka nuna kwabo ashirin da biyar na 1973, shekarar da aka koma Naira da kwabo, mai hoton gyaɗa da dalar buhunanta, wanda duk Bakano mai shekaru zai tsaya ya kalla. Irin wannan bayani mutane ke turawa junansu da kansu, kuma idan an yi shi sau huɗu babu neman ciniki, na biyar da ya zo da farashi ba ya gundurar kowa.

Kamun kai kuma yana cikin abin da ka bari. Ban ga kyan hoton dillali yana watsa sulalla a kan gado ko yana jera damman kuɗi ba, ga rashin mutunci ga gayyatar ɓarayi. Ban ga kyan haɗa ayoyi ko rantsuwa da tallan kaya ba, hadisi ma ya nuna cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Tauraron da ke jikin kwabo mai huji alama ce da gwamnatin mulkin mallaka ta yi amfani da ita, har a tutar Najeriya daga 1914 zuwa samun 'yanci, kuma ya isa a faɗi haka ba tare da an jingina masa asiri ba. Kada ka ambaci wani dillali da sharri don ka ɗaga kanka. Idan ka ga jabu yana yawo, ka koya wa mutane yadda ake gane shi, ka bar sunan mai shi.

Game da saƙonni, ka nemi izini kafin ka sa kowa a zaure ko jerin masu karɓar talla, kuma duk wanda ya ce a cire shi a cire shi nan take ba tare da tambayar dalili ba. Saƙo ɗaya a mako ya wadatar. Kada ka wallafa sunan mai saye, ko hoton shaidar biyansa, ko abin da ya saya, sai da yardarsa, domin mai tara azurfa ba ya son unguwa ta sani, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana bayansa. Yabon da abokin ciniki ya yi da kansa ana iya nunawa idan ya amince, wanda ka rubuta wa kanka da wata lambar waya kuwa shaidar zur ce.

Tallan saye

Rabin wannan sana'a saye ne, kuma a nan ne aka fi cutar mutane, domin mai kawo kayan yawanci tsohuwa ce da ƙullin ƙyalle, ko magada da suka tarar da gwangwani a ɗakin mamaci. Idan ka sanar cewa kana sayen tsofaffin kuɗi, kada ka rubuta adadi mai ɗaukar hankali da ka san ba za ka biya ba sai a kan sule ɗaya cikin dubu. Ka auna a gaban mai kaya, ka ware na azurfa ka faɗa masa na azurfa ne, ka gaya masa abin da kake sa ran sayarwa da abin da za ka biya, ka kuma ba shi damar zuwa ya ji ta bakin wani. Idan kayan gado ne, ka tambaya ko sauran magada sun sani. Idan yaro ne ya kawo, ka nemi babbansa. Tsohuwar da aka yi wa adalci a kan liyari uku za ta faɗa a gidan biki, kuma babu tallan da kuɗinka zai saya da ya kai wannan.

Iyakokin doka

Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta tallatawa ko sayar da takardun Naira da tsabarta, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun. Don haka kwandalolin da aka fitar a 2007, na kwabo hamsin da Naira ɗaya da Naira biyu, kada su shiga tallanka ko da ba a ganin su a kasuwa, kuma yana da kyau ka zauna da lauya sau ɗaya game da waɗanda aka daina karɓa. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya. Fitar da kayan tarihi waje yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, saboda haka kada ka yi alkawarin aikawa ko'ina a duniya kafin ka san matsayin abin da za ka aika. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka, ka karɓi kuɗi ta asusun da ke ɗauke da wannan suna. Wanda kuma yake sayar da azurfa ko zinari ya tambayi malaminsa hukuncin hannu da hannu kafin ya tallata biya kaɗan-kaɗan.

Bayan an biya

Ka rubuta sharaɗin mayar da kaya a jikin kowane talla, da kwanakin da ka ba mai saye ya duba, misali bakwai daga ranar da saƙo ya isa. Game da sahihanci kuwa kada ka sa wa'adi: duk ranar da aka tabbatar cewa abin da ka sayar jabu ne, ka mayar da kuɗin gaba ɗaya, ko bayan shekara biyar ne. Kowane sule ya tafi cikin 'yar ambulan ta takarda ko kwali mai taga, ba cikin leda mai laushi ba, domin irin wannan leda tana sa shi kore da daɗewa. Ka haɗa da rasit mai ɗauke da bayanin da ka yi a talla kalma da kalma, da nauyi, da kwanan wata, ka kuma ajiye kwafi da hotunan a wurinka.

Wata rana za ka yi kuskure, domin babu dillalin da jabu bai taɓa wuce idonsa ba. Idan kai ka fara ganowa, ka kira mai sayen kafin shi ya kira ka, ka faɗa masa abin da ka gani, ka tura masa kuɗinsa da na aikowa. Sannan ka koma inda ka yi tallan ka gyara bayanin a fili, ka duba littafinka ka ga ko akwai wasu da suka sayi irinsa daga kaya guda, su ma ka neme su ɗaya bayan ɗaya.